Sakan Biyar a Kan Bahago

A filin tseren motocin nan babu mai kiran ta da sunanta. Direbobi Anti suke ce mata, ma'aikata su ce Alƙaliya. Shi kuwa tsohon da ke kaɗa tuta a bakin layi, da yake ƙanin mahaifiyarta ne, har gobe 'yar nan yake ce mata, ko a gaban manyan baƙi. Ita ce shugabar alƙalan tsere. In mota ta gogi mota, ko wani ya yanke kwana, ko ya tashi kafin a ba da hannu, maganarta ce ta ƙarshe.

An san ta da ƙin tsoma baki. Abokan aikinta biyu, wani mai tabarau da wani mai tumbi da ke zama dama da hagunta, sun haddace abin da take faɗa kullum, cewa mutane ba su baro gidajensu don su zo kallon alƙalai ba. "A bar yara su yi tserensu," in ji ta. Direbobi suna son ta saboda haka. Masu ƙungiyoyi kuwa, musamman waɗanda aka cinye, cewa suke ta cika sanyin hannu.

Ɗakin alƙalan yana can saman bene, daidai kan layin da motoci suke tashi kuma suke gamawa. Bangon gabansa gilashi ne tun daga sama har ƙasa, sauran bangon kuma allunan talabijin ne, kowane da kwanar da yake nunawa. A lungu akwai teburin Mai Agogo, wani mutum marar yawan magana da ke kula da lokaci. Kowace mota an liƙa mata wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana. Duk sanda motar ta haye layi, injin Mai Agogo sai ya yi ƙit, ya rubuta lambarta da lokacin da ta ci a wannan zagayen.

Ranar tseren ƙarshe na shekara an yi rana mai zafi, har kwalta tana rawa a ido. Kofin kuwa tsakanin mutum biyu yake, duk wanda ya riga ɗan'uwansa shi ke ɗauka. Akwai Tsinke, dogo siriri mai jar mota, wanda ko a gaisuwa bai cika ɗaga murya ba. Akwai Bahago mai koriyar mota lamba sha ɗaya, gajere mai surutu, wanda yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ne babban bakanikensa, kuma shi ke masa magana a kunne in yana tuƙi.

Da safe Bahago ya tare ta a matakala, hular kwanonsa a hammata.

"Anti, yau fa ki rufe ido ɗaya."

"Wanne?"

"Na wajena mana."

"Wuce ka ba ni wuri, ja'iri," ta ce, tana dariya. Ya sauka yana tsallake matakala bibbiyu.

Ana sakin motoci, su biyun suka isa kwanar farko kafaɗa da kafaɗa, Bahago ta ciki, Tsinke ta waje. Koriyar motar ta buɗe kaɗan, tayarta ta gaba ta daki gefen jar. Tsinke ya fita kan tsakuwa, ƙura ta tashi, da ƙyar ya dawo kan kwalta a bayan Bahago. 'Yan kallo suka kaure da ihu, rabi murna rabi zagi.

A ɗakin alƙalai aka dawo da hoton baya. Mai tabarau ya ce wannan ture ne ƙiri-ƙiri. Mai tumbi ya ce kwanar farko ce, kowa ya san cunkoso ake yi, a bar su. Suka juyo suna kallon ta.

Ta sa aka nuna mata ta kyamarar sama, ba ta ga komai ba sai motoci biyu da suka rasa wurin wucewa. Ta sa aka nuna ta cikin motar Bahago. A nan ne ta ga hannunsa na hagu ya saki sitiyari har motar ta buɗe waje, ɗan kaɗan, daidai lokacin da hancin jar motar ya zo gefensa. Ta sake kallo. Zuciyarta ta so ta ce a bar su, kamar yadda ta saba. Amma ta ga in ta yi shiru yau, ta miƙa kofin shekara ga wanda ya ture ɗan'uwansa, kuma da hannunta ta miƙa ɗin, ko da ba ta ce uffan ba.

"Sakan biyar a kan lamba sha ɗaya," ta ce. "A ƙara masa a lokacinsa in an gama."

Duk maganar da ƙungiyoyi ke yi da direbobinsu ana jin ta a ɗakin alƙalai. Suka ji yayan Bahago yana gaya masa. Sai dariyar Bahago ta fito cikin ƙugin inji.

"Biyar kacal? Ka ce wa Anti ta ajiye mini su, yanzu zan zo in karɓa."

Ma'anar hukuncin a fili take. In har yana son kofin, sai ya ba Tsinke ratar da ta wuce sakan biyar kafin a kaɗa tuta. Daga nan Bahago ya fara wani irin tuƙi da ba a taɓa ganin ya yi ba. Yana shiga kwana sai ka rantse ba zai fito ba, birkinsa na fitar da hayaƙi, gindin motar na wutsil-wutsil. Rata ta zama sakan biyu, ta zama uku. Duk sanda ya haye layi tambaya ɗaya yake yi wa yayansa.

"Nawa ya rage?"

"Saura kaɗan. Amma ka sassauta, tayoyinka sun cinye."

"Yaya, nawa ya rage na ce."

Alƙaliya ta lura ta daina kallon sauran motocin. Shayin da aka kawo mata ya huce a gabanta ba ta taɓa ba.

Can ƙarshen filin akwai wata kwana da ake kira Gwiwa, inda hanya ke lanƙwashewa a gindin katangar siminti. Tsere ya kusa ƙarewa, rata ta haura sakan huɗu, koriyar motar ta shiga Gwiwa ba ta juya ba. A allon ba a ga wani abu mai yawa ba. Ƙura ce ta turnuƙe, sannan wata taya ta fito daga cikinta ita kaɗai, tana gangarawa a hankali a tsakiyar hanya, har ta gaji ta kwanta. Ƙarar ba ta iso ɗakin ba sai bayan haka.

"Jar tuta," in ji Alƙaliya. "Ko'ina. Kowa ya tsaya."

Motoci suka shigo gareji ɗaya bayan ɗaya aka kashe su. 'Yan kwana-kwana da motar asibiti suka nufi Gwiwa. Filin da ɗazu ba ka jin maganar na kusa da kai ya yi tsit, har ana jin tutocin talla suna kaɗawa a jikin ƙarfe. Bayan wani lokaci muryar likita ta fito a oba-oba, ya ce a kashe kyamarar kwanar. Aka kashe. Da ya sake magana, a hankali ya yi ta.

"Alƙaliya, sai haƙuri. Babu shi. Tun kafin mu iso."

Mai tumbi ya dafe kai yana salati. Ita kuwa ba ta ji hawaye ba. Aiki bai ƙare ba. Katanga ta fashe, babu halin a sake sakin motoci, doka kuma ta ce in haka ta faru a koma zagayen ƙarshe da kowa ya kammala a ɗauki sakamako daga nan. Ta tambayi Mai Agogo yadda abin yake.

"Bahago ne a gaba," ya ce, bai ɗago ba. "Amma bai cike biyar ɗin ba. In an ƙara masa, Tsinke ya ci. Da abin da bai kai ƙiftawar ido ba."

Ana cikin haka Mai Fili ya turo ƙofa, wato mutumin da ya mallaki filin tseren, gumi ya jiƙa masa riga. Ya riga ya ji komai a hanya. Ya jawo kujera ya zauna dab da ita, ya sassauta murya.

"Ranki ya daɗe, ki dubi mutanen can. Yaro ya mutu yana kan gaba. Ki janye hukuncin nan, a ba shi kofinsa, a kai wa uwarsa. Wa zai ce don me? Abokin aikinki ma tun farko cewa ya yi a bar su."

"In na janye, me zan ce wa Tsinke?"

"Tsinke yana da rai. Baɗi ma shekara ce."

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai injin Mai Agogo ya yi ƙit.

Duk suka juya. A allon lokaci, can saman jerin, lamba sha ɗaya ta ƙara zagaye guda, da lokacinta a gefe, lokaci mai kyau, irin wanda Bahago ke yi ɗazu. Alƙaliya ta dubi gilashi. Kwalta ce kawai shimfiɗe a rana, babu ko kare.

"Inji ne," in ji Mai Agogo. "Zafi ya yi masa yawa." Ya kashe shi, ya zare waya, ya jira, ya mayar, ya kunna. Allon ya dawo. Mai Fili ya ci gaba da maganarsa, yana cewa ita da kanta ta sha faɗa cewa ba alƙalai ake zuwa kallo ba. Bai kai ƙarshen zancen ba injin ya sake yin ƙit. Lamba sha ɗaya. Wannan zagayen ya fi na baya sauri.

Mai Agogo ya janye hannuwansa daga teburin ya ɗora a cinya.

Alƙaliya ta tashi ta je jikin gilashi. A ƙasa, kan ɗan dandamalinsa na ƙarfe a bakin layi, Kawu, tsohon mai kaɗa tuta, yana tsaye da jar tuta a hannu. Ba kowa a kusa da shi. Ta tsaya tana kallon sa, tana lissafin lokacin da mota ke ɗauka ta zagayo. Da lokacin ya yi, sai ta ga tsohon ya juya kai daga hagu zuwa dama, da sauri, kamar yadda yake yi shekara da shekaru in mota ta wuce shi. A bayanta injin ya yi ƙit.

Ta ɗauki oba-oba. "Kawu, me kake kallo?"

"'Yar nan, ban ga komai ba."

"To me ya sa ka juya?"

"Iska ce ta bugi ƙafar wandona. Kuma akwai warin taya."

Ta sa aka kira ma'aikatan da ke Gwiwa a tambaya ko ana motsa motar. Aka ce motar tana nan inda take, an lulluɓe ta da tamfol, rabinta a cikin katanga. Mai Agogo ya ce a ciro na'urar daga jikinta a kawo masa ya gani da idonsa, wataƙila ita ce ta haukace take aiko da saƙon banza.

Wanda ya kawo ta yayan Bahago ne. Ya shigo da kayan aikinsa masu maiƙo, abin sauraro rataye a wuyansa, idanunsa a bushe. Tsinke na biye da shi, bai ko cire rigar tsere ba, ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya zo neman gafara. Bakaniken ya buɗe wani tsumma a kan tebur. Na'urar ta lotse, gefe guda ya narke, wayarta a tsinke. Mai Agogo ya juya ta da bakin biro, ya ce wannan ko an haɗa ta da wuta ba za ta yi magana ba.

Suna tsaye a kanta su duka, injin ya yi ƙit.

Mai Fili ya miƙe har kujerarsa ta faɗi. "Ki ba shi! Don girman Allah ki ba shi abinsa ya tsaya! Me ake da wani sakan biyar?"

"Ni ma na yarda a janye," in ji mai tumbi. Mai tabarau ya cire tabaran yana ta goge su da gefen riga.

"Anti," Tsinke ya ce daga bakin ƙofa, "ni ba na so. A ba shi."

Ta dubi yayan Bahago, tana jiran ya zage ta, ko ya roƙe ta. Bai yi ko ɗaya ba. Ya cire abin sauraron daga wuyansa ya miƙa mata.

"Ni ban zo kan maganar kofi ba. Tambaya ƙanina yake yi mini, na rasa abin da zan ce masa. Ke kika sa, ke za ki gaya masa."

Ta karɓa. Soson abin da ɗumi, yana warin man inji. Ta ɗora a kunne.

Da farko shuu kawai take ji, irin na rediyon da ba a kama tasha ba. Sannan a ƙarƙashin shuu ɗin ta fara jin inji, can nesa, yana hawa yana sauka, ana canja giya. Ta san filin nan kamar tafin hannunta, har ta gane inda yake, ga doguwar hanya, ga kwana biyu a jere, ga gangara. Da ya doshi Gwiwa sai ta runtse ido. Injin ya sauka, ya lanƙwasa, ya fito lafiya, ya sake ɗauka. Akwai numfashi kuma, na mutumin da ya gaji ƙwarai. Injin Mai Agogo ya yi ƙit, muryar ta zo, ba dariya a cikinta yanzu.

"Nawa ya rage?"

Ta zauna. Kowa a ɗakin ya zuba mata ido. Kalma ɗaya ce, ta sani. Ta ce an janye, ko ta ce ya cike, kowa ya huta, a sauka a ba uwa kofi, jama'a su tafa. Ba wanda zai taɓa tuhumar ta. Ta kuma san wani abu da ba wanda ya faɗa a ɗakin, ko da yake duk suna tunaninsa: da ta yi shiru a kwanar farko, da yanzu yaron nan yana ƙasa yana fesa wa mutane lemo.

Ta rufe makirfon da tafin hannu. "A sake nuna mini kwanar farko. Ta cikin motarsa."

"Yanzu?" in ji Mai Fili. "Yanzu ake wannan?"

Aka nuna. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon, tana addu'a a ranta ta ga ta yi kuskure, ta ga motar ce ta zame, ko wani ya taɓa shi ta baya. Da ta ga haka da ta janye nan take, da zuciya ɗaya. Hannun hagun nan ya saki sitiyari ya buɗe, ɗan kaɗan, kamar ɗazu.

"Tsinke," ta ce, "tsakaninka da Allah. Ya bar maka hanya?"

Tsinke ya sunkuyar da kai. "Bai bar mini ba." Ya ɗago kai. "Amma ni ma da ni ne a ciki, ban san abin da zan yi ba."

Ta gyaɗa kai. Ta cire hannunta daga makirfon.

"Bahago. Anti ce."

Injin bai sassauta ba, amma numfashin ya canja.

"Tsere ya ƙare, ƙanina. An tsayar da shi. Ka yi tuƙin da ban taɓa ganin irinsa ba, amma ba ka cike ba. Kai ne na biyu."

Shuu ɗin ya yi tsawo. Ta ji ya sauke giya, ya sake ɗauka.

"Da nawa?"

"Da kaɗan. Kaɗan ƙwarai."

Ta jira ya yi gardama, don Bahago bai taɓa karɓar hukunci bai yi gardama ba, amma ba abin da ya biyo baya sai injin, yana tafiya yadda yake tafiya. Ƙit. Lokacin ya ma fi na baya sauri. Mai Fili ya fice daga ɗakin da baya da baya, bai rufe ƙofa ba.

Muryar Kawu ce ta fito a oba-oba. "'Yar nan, ina jin ku. Ba a sauke direba da baki. Tun da nake aikin nan ban taɓa ganin wanda ya tsaya bai ga tuta ba."

Doka ba ta ce a kaɗa tutar gamawa a tseren da aka tsayar da jar tuta ba. Ta san wannan sarai.

"Kaɗa masa, Kawu."

Ta gilashi suka ga tsohon ya jingine jar tutar, ya ɗauko mai baƙi da fari, ya warware ta. Ya gyara tsayuwa, ya leƙa hagu. 'Yan kallo da ba su san abin da ake ciki ba suka fara miƙewa, layi bayan layi, suna kallon tsoho shi kaɗai a kan dandamali da hanya fayau a gabansa. Ya ɗaga tutar ya fara kaɗawa, sama da ƙasa, da dukan ƙarfinsa. Ana cikin haka ƙyallen ya fizge gefe guda ya miƙe sambal, har sandar ta kusa kuɓuce masa, ya dafa ƙarfe da ɗaya hannun. Injin Mai Agogo ya yi ƙit.

A kunnenta ta ji an ɗaga ƙafa daga totur. Injin ya sauka, ya koma gurnani a hankali, irin tafiyar da direba ke yi bayan an gama, yana huce mota. Ya yi ta nisa, ya yi ta nisa, har ya zama ba ta san ko tana jin sa ko tunaninsa take ba. Daga nan sai shuu.

Suka jira lokacin zagaye ɗaya ya wuce, suka jira na biyu. Injin Mai Agogo bai sake motsi ba. Ta cire abin sauraron ta miƙa wa bakaniken. Ya karɓa, ya naɗe na'urar a tsummansa, sai a lokacin kuka ya zo masa. Tsinke ne ya riƙe shi suka sauka tare.

Alƙaliya ta sa hannu a sakamako kamar yadda yake, Tsinke na ɗaya, Bahago na biyu. Da aka faɗa a lasifika, wasu suka yi ta jifan gilashin ɗakin da robobin ruwa, wasu suna kiran ta da sunayen da ba ta taɓa zaton za ta ji ba, mafi yawa kuwa suka kama hanyar gida ba magana. Tsinke bai hau dandamali ba, a gareji aka kai masa kofin, ya ce a ajiye a ƙasa. Mai Agogo ya gaya wa hukumar wasanni cewa zafi ne ya lalata injin, aka sayo sabo. Mai Fili kuwa ya daina amsa gaisuwarta. Jaridu suka rabu biyu, wasu suka ce ta tsare gaskiya, wasu suka ce alƙalan da ba su iya kame hannunsu ba su ne suka tura yaro katanga. Ta karanta duka, kuma ba ta iya cewa ɗaya daga ciki ƙarya yake ba.

Sai da aka kwana biyu ta iya zuwa gaisuwa. Kawu ya raka ta. Gidan yana ƙarshen wani layi matsattse, ƙofar ƙarfe, tsakar gida cike da takalman mata. Aka shigar da ita wani ɗaki inda mahaifiyar Bahago ke zaune a kan katifa, 'yar ƙaramar tsohuwa mai irin idanunsa. Alƙaliya ta durƙusa ta yi mata gaisuwa, ta rasa yadda za ta faɗi ko ita wace ce.

"Na san ki," in ji tsohuwar. "Ke ce Antin da yake faɗa. Matso nan."

Ta matsa.

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Da gaske ya ture yaron mutane?"

"Ya ture shi, Inna."

Tsohuwar ta jinjina kai. "Haka yake tun yana ƙarami. Ko a bakin kwano sai ya sa gwiwar hannu." Ta goge ido da bakin mayafi, ta sa aka kawo wa baƙuwa ruwa. Alƙaliya ta riƙe kofin, ta fara cewa ita ce ta yanke hukuncin, kuma ita ce ta ƙi janyewa, gara Inna ta ji daga bakinta.

"Ai na sani tun ranar," tsohuwar ta katse ta. "Kafin kowa ya zo mini da labari na san na biyu ya zo."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Ina nan zaune da yamma ina tsince shinkafa na ji tsayuwar motarsa a ƙofar gida. In ya ci, tun daga bakin layi yake danna ham, har maƙwabta su fito suna zagin sa. Ran nan bai danna ba. Ya kashe mota, ya shigo, ya wuce ni ko sallama babu, ya buga ƙofar ɗakinsa. Na ce to, yau an cinye mutumin, bari in ƙyale shi ya huce tukuna." Ta nuna wata ƙofa da haɓa, can ƙetaren tsakar gida, a rufe. "Har yanzu ban shiga ba. Sha ruwanki, 'yata."